Fanka Kawai Na Ce Ya Share

Kwamfutata tana zafi kamar kaskon suya, shi ya sa na kai ta shagon yayana Ɗangoggo a Gwarinpa, ana gobe zan nuna wa Alhaji Badamasi zanen gidan da zai gina a Maitama. Fanka kawai na ce ya share min. Wata huɗu na yi a kan zanen nan, kuma shi ne aikina na farko tun da na bar kamfanin oga Nicholas na ce zan tsaya da ƙafata.

Shi kuwa Ɗangoggo, Allah ya shirye shi, ba ya ganin kwamfuta ya ƙyale ta. Akwai 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta zana hoto a allo, direba suke ce mata. Tawa ta kamfanin da ya ƙera na'urar ce. A wurinsa wannan rufaffen abu ne, ba wanda ya san cikinsa. Wadda jama'a suka taru suka rubuta kyauta ita ce 'yar halak. Sai ya cire tawa ya sa tasa, bai ce min uffan ba.

A falon Alhaji na buɗe zanen zan zagaya da shi cikin gidan. Hoton ya yi tsalle sau biyu ya ƙame. Bango ya koma kore, rufi ya ɓace. Na kashe na kunna. Haka dai.

Alhaji ya duba agogo ya ce, "'Yata, gidan da bai tsaya a kwamfuta ba, a ƙasa zai tsaya?" Ya tashi abinsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na koma shagon ina kuka. Ɗangoggo ya sosa ƙeya.

"Ai lafiya take aiki a komai, Zaituna. Zane mai nauyi ne kawai ba su gama gyarawa ba. Nan da shekara za ki ga..."

"Yaya, ni yau nake da ita, ba shekara ba."

Cikin minti goma ya mayar da tsohuwar direbar. Gidan ya fito tas, har da inuwar mangwaron da na sa a tsakar gida. Muka tsaya muna kallo.

Ranar Litinin na koma roƙon oga Nicholas tsohon teburina. Ya ba ni, ya ajiye min fayil ɗin sabon aikin da ya samu. Gidan Alhaji Badamasi ne.