Farfesun da Ya Daskare

Hajiya Suwaiba ce da kanta ta zaɓo ƙafar saniyar. Ta sa ɗanta Ma'aruf ya kai ta shagon naman halal, suka dawo gidansu a garin McLeansville na Amurka, ta babbake ragowar gashin a bayan gida, ta kankare ta fes. Matar Ma'aruf, Ilona, ita ta roƙe ta. Kakar Ilona ta zo Amurka daga Hungary tana budurwa, bara ta rasu. Duk hunturu tsohuwar takan dafa wani abinci da ƙafar alade. Tun da Ilona ta musulunta ba ta sake ɗanɗana shi ba, sai bana ta ce za ta gwada da ta saniya, don 'ya'yanta su san girkin dangin uwarsu.

Ranar Asabar tukunya ta wuni tana ɓararraka a hankali, ƙamshin tafarnuwa ya cika gidan. Hajiya ta ce a ranta, ashe Turawa ma sun san farfesu. Har ta fito da yajinta. Amma da ya nuna ba a ba kowa ba. Ilona ta tace romon, ta rarraba a kwanoni, ta jera a firij.

Washegari da rana aka zauna a tebur, aka ajiye wa Hajiya nata. Romon ya daskare ya zama curi guda, rawaya-rawaya, ga guntayen fata da jijiya a maƙale ciki kamar ƙwaron da ya faɗa ƙaro. An barbaɗa jan barkono a sama. Jikanta Haidar ya bugi tebur da gwiwa, abin ya kama rawa shi kaɗai.

"Ilona, an manta ba a ɗumama ba," in ji Hajiya.

"Haka ake cin sa, Mama. Kocsonya sunansa. Ki matsa lemun tsami."

Hajiya ta dubi ɗanta. Ma'aruf ya sunkuyar da kai yana yanka burodi. Ƙaramar jikar, Salwa, ta cika cokali, tana zuƙar abin ta tsakanin haƙora, tana cewa da Turanci ya fi ayis-kirim. A Kano, romon da ya kwana ya sandare haka, ko mai aiki ba a miƙa wa sai an ɗora a wuta.

Ma'aruf ya matso ya yi ƙasa da murya, da Hausa. "Mama, ki daure ko loma ɗaya. Jiya tana dafawa tana kuka."

Ta yi bismilla ta kai baki. Sanyi ya fara ratsa haƙoranta. Sai abin ya soma narkewa a kan harshe, yana santsi kamar majinar mura, maiƙo ya manne mata a ganɗa, wata jijiya ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi wucewa. Ta haɗiye da ƙyar. Bai zauna ba. Ta miƙe ta nufi banɗaki da gefen mayafi a baki.

Da ta dawo, ta tarar Ilona ta gama nata, idanunta sun yi ja.

"Yi haƙuri, Mama. Amma wallahi kamar na kakata ya fito. Na fara gwadawa ni kaɗai, ƙaurin gashi ya ɓata shi na zubar. Gyaranki ne. Za ki taya ni baɗi?"

Hajiya ta kurɓi ruwa ta kurkure baki. Ilona ba ta da sauran kowa a dangin uwa, ta sani.

"Gyara dai zan yi miki," ta ce. "Amma ranar ci, kada a kira ni."

Da yamma yunwa ta dame ta. Ta ɗauki kwanonta da ba ta ƙarasa ba ta saka a na'urar ɗumama abinci, ta tsaya tana kallo ta gilashi har curin ya rushe ya koma romo. Ta fito da shi yana tururi, ta zuba yaji, ƙamshi kamar na gida. Ta ɗebo cokali ɗaya, sai ta tuna yadda ya yi rawa a kan tebur. Ta ture kwanon gaban Ma'aruf, ta haɗa shayi da burodi.