Inda Gishirin Yake Sauka

Daga Kura har Bunkure kowa ya san ruwa yana jin maganar 'yan gidan Malam Sammani. Baiwa ce suka gada, da bisimilla suke farawa, kuma ƙa'idarta biyu ce. Ruwa ba ya bin umarni sai an kira abu da sunansa na gaskiya. Sannan duk abin da mai kira ya tayar yana nan maƙale da jikinsa har sai ya faɗa masa inda zai je.

Duk rani, in farin gishiri ya fara fesowa a gonarsa ta tumatir, Malam Sammani yakan jira ranar da rabon ruwan kanal ya zo kansu. Sai ya cika fangalin shuka ɗaya da ruwa, ya tuɓe takalmi ya shiga, ya ce, "Gishiri, taso." In ya taso ya ce, "Sauka." Shi ke nan. Shekara ashirin ana haka, tumatirinsa ya fi na kowa, shi kuwa bai taɓa tambayar ina ne ƙasan da ake saukar ba.

'Yarsa Barira ce ta je jami'a ta karanto kimiyyar ƙasar noma, ta dawo da wani labari: wai ruwa ya fi ladabi in an kira abu da sunan da ake kiransa a ɗakin gwaji. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya raɗa wa abin suna turancin kwalba, ya kuma hana ta yin kira a gonarsa.

Ranar wata Laraba da hantsi, Barira tana tsugune a gonar da ke ƙasan tasu, ta Lai'atu, wata mutuniyar Filato da mijinta Obadiah ya rasu ya bar mata noman albasa. Shekara uku ke nan tana auna mata gishirin ƙasa da 'yar mitarta. Da ta jera ranakun a littafi sai ta gano wani abu. Duk lokacin da gishirin Lai'atu ya yi tsalle, kwana biyu ne bayan kiran babanta. Ta dubi magudanar da ta raba gonakin biyu, wadda ya kamata ta kwashe dattin ruwa ta kai kogi. Ciyawar kacalla ta toshe ta ruf, tun Barira tana goye. Kuma yau ne rabon ruwa ya zo kan gonar babanta.

Ta kwasa da gudu, mayafi a hannu.

Ta makara. Malam Sammani yana tsaye tsakiyar fangali, ruwa har ƙwauri, kuma ruwan ya riga ya yi fari ya yi kauri yana kewaya ƙafafunsa.

"Baba, kar ka ce sauka."

"Ke, ba a yi wa mai kira magana."

"Gonar Lai'atu yake zuwa. Magudana a toshe take, ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Na auna, Baba. Shekara uku ina aunawa."

Ya juyo ya dube ta. Malam Sammani mutum ne mai taurin kai, amma ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba, kuma ya san 'yarsa ba ta ƙarya. Ya dubi koren albasar da ke can ƙasa. Ya ƙi cewa sauka.

A nan tsoro ya kama Barira sosai, don ta san abin da zai biyo baya. A makaranta osmosis ake ce masa: in gishiri ya taru a wuri, yakan janyo ruwa daga duk inda ya samu. A kwalbar gwaji abin a hankali yake tafiya. A jikin mai kira kuwa ba ya jira. Gishirin gona guda ne ya taru a ƙafafun tsoho ɗaya, kuma ya fara sha. Kafin ta gama tuɓe takalmi leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa ciki.

"Mayar da shi gonarmu," ta ce. "Tumatir ne kawai."

"Abin da ya taso ba ya komawa," ya ce. "Kin sani."

"To ka sake shi. Bana kaɗai. Ni zan yi mata bayani."

Ya girgiza kai.

Barira ta yi bisimilla ta faɗa cikin ruwan. Nan take ƙishirwa ta kama ta. Ta kama hannunsa, hannun ya bushe kamar ganda.

"Ba ni kiran, Baba."

Ko a wannan halin sai da ya harare ta. Sannan ya matse hannunta, nauyin ya dawo kanta.

Kalmar gishiri ta yi faɗi, ba za ta iya riƙe abin da ita ba. Ta ce, "Sodiyam. Kulorayid." Farin ruwan ya tsaya cak, kamar yaran da aka kira da cikakken sunansu. "Ku haɗu ku daskare a nan, cikin wannan fangalin. Ruwa, ka rabu da su, ka tashi tururi."

Ruwan ya ji. Tururi ya fara tashi. Sai wani sanyi ya soke ta daga tafin ƙafa har ƙirji, duk da zafin rana, haƙoranta suka shiga haɗuwa. Ta gane kuskurenta, kuskuren da ko 'yar aji ɗaya ba za ta yi a takarda ba. Ruwa ba ya zama tururi sai da zafi, ita kuwa ba ta faɗi inda za a ɗauko zafin ba. Don haka a jikinsu yake ɗiba. Ta buɗe baki ta gyara, harshe ya ƙi juyawa. Kanta ya yi fayau, duk sunayen da ta haddace suka gudu.

Tsohon ya jingino da kafaɗarta. Bai san osmosis ba, amma shekara hamsin yana taka gefen kanal ba takalmi, ya san abin da ya fi komai zafi a yankin nan.

"Simintin kanal," ya raɗa mata.

"Zafin simintin kanal," ta ce da ƙyar. "A can za ka ɗauka."

Simintin ya yi ƙara ya tsage. Tururi ya turnuƙe gonar har ba sa ganin juna. Da ya washe, fangalin ya bushe ƙayau, tumatirin cikinsa ya ƙone, su kuma suna tsaye cikin farin gishiri har idon sawu.

Ta ja shi inuwar darbejiya ta riƙa ɗiga masa ruwan gora a baki. Sai da ya haɗiya sau uku sannan ta yarda zai rayu, ta fashe da kuka. Shi ko kallonta bai yi ba. Tarin gishirin yake kallo. Bai taɓa ganinsa da ido ba, kullum a narke yake sallamarsa. Zai cika buhu huɗu, kuma na shekara ɗaya ke nan.

Tururin ne ya janyo Lai'atu. Ta hauro da fartanya a kafaɗa, ta rusuna ta gaishe shi, ta dubi gishirin tana riƙe da haɓa.

"Ikon Allah. Baba, in ka huta don Allah ka zo ka cire mini nawa. Wannan farin abin ne ya hana Obadiah barci har ya bar duniya. Kullum cewa yake laifinsa ne, bai iya ban ruwa ba."

Barira ta buɗe baki za ta rufa masa asiri. Ya ɗaga mata hannu.

Ya miƙe, ya cire hularsa, ya tsugunna ya cika ta da gishiri. Ya kawo gaban Lai'atu ya ajiye a ƙasa.

"Obadiah ya iya ban ruwa," ya ce. "Zauna, 'yata. Zan faɗa miki daga inda yake zuwa."