Mujallun Malam Jimrau

Wari ne ya fara tarbar Zuhura tun kafin ta zagaya bayan biron Elhaji Sa'adu, wato ofishinsa, warin dusar da ta kwana a ruwa ta yi tsami. Wani ƙaton rago mai wuya kamar turmi ya tusa baki a baho yana ta ci. Maigadi na tsugune gefensa, yana zaro takardu daga buhu, yana yagawa yana cuɗawa da dusar.

Ta sunkuya ta tsamo guda. Ta jiƙe sharkaf, amma rubutun bai gama narkewa ba. Ga taswirar rijiyoyin Azagor, ga sunan mahaifinta a ƙasa.

"Baba, ina ka samu wannan?"

"Cikin magaza, ɗakin ajiya, ɗiyata. Elhaji ya ce an gama da su. Dusa ta yi tsada, shi ko rago ba ruwanshi, ko kwali ka jiƙa mishi ci yakai."

Ta riƙe takardar gam. Ta nufi ƙofar biron.

* * *

Malam Jimrau, mahaifin Zuhura, likitan dabbobi ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa bisa raƙumi da babur tsakanin Dakoro da dajin arewa. Bai bar gida mai bene ba. Abin da ya bari akwatin ƙarfe ne cike da mujallun binciken kiwo, waɗanda wata ƙungiyar masana ta riƙa bugawa kaɗan-kaɗan tun kafin a haifi Zuhura. Ƙungiyar ta mutu, nasa kaɗai aka sani sun rage. A cikinsu ya rubuta abin da idonsa ya gani a shekarun fari: ciyawar da ta tsira, rijiyar da ta ƙafe, dabarar da makiyaya suka bi suka ceci ɗan abin da suka ceta.

Matarsa, Inna Habi, ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ita ta tsare su bayan rasuwarsa. Kowace bazara sai ta fito da su ta shanya, ta kakkaɓe, ta mayar.

Sai ga Elhaji Sa'adu, abokin marigayi, da motarsa da dogon salati. Wai ya samo poroje: Turawa sun ba da taimako a ɗauki hoton tsofaffin mujallu a zuba a intanet, su zauna har abada. Inna ta ce a'a. Zuhura ce, da ke karatun kiwo a jami'a, ta matsa mata lamba.

"Haba Inna! Gara ba ta cin abin da ke cikin intanet. Duniya duk za ta karanta Baba."

Ita da kanta ta loda su a amalanke. Da aka ce sai an datse ɗinkin kowace mujalla domin na'urar ɗaukar hoton shafi-shafi take haɗiya, ita ta ce a datse. Ashe kura ta kai wa ajiyar nama, har da taya ta yankawa.

* * *

Ta tarar da Elhaji cikin sanyin na'ura, yana sakace haƙori.

"A'a, ɗiyar Jimrau! Yaushe a gari?"

Ta ajiye jiƙaƙƙiyar takardar a kan teburinsa. Ya dube ta, ya ture ta gefe da biro kamar kashin kaza.

"Baba Elhaji, ina son in ga abin da anka ɗauka."

"Kai, yaran zamani da gaggawa!" Ya juyo mata da fuskar ordinata, wato kwamfuta. "Duba, dubbai ne."

Dubbai ne kuwa. Ta buɗe na farko: bangon mujalla, kore. Ta buɗe na biyu, bangon nan ne dai. Na uku, na goma, na can ƙasa, duk shi ne. Gumi ya karyo mata cikin sanyin nan.

"Ina cikin mujallun?"

"Na'urar ɗaukar hoton ta ƙi aiki tun ranar bukin buɗe porojen, gyaranta sai Turai." Ko gezau bai yi ba. "Su Turawan adadin shafi suka tambaya, mun ba su adadi. Wa zai zauna ƙasar sanyi yana karatun ciyawar Azagor? Rahoto ya tahi, sun yaba. Har sun ƙara muna wani poroje."

"To mi ya hana a maido muna takardunmu?"

"Takardun da anka datse? Ba kai ba gindi. Kuma in wani baƙo ya zo ya gan su jibge, tambaya zai fara." Ya sassauta murya. "Ubanki ɗan'uwana ne. In kin ƙare karatun lakwal, kujerarki na nan a sabon porojen."

Tir! Zagi ya zo mata har leɓe, ta tuna wannan bakin ne ya ja wa mahaifinta fatiha ranar jana'iza. Ba kunya, ba tsoron Allah, ga tabon salla a goshi. Ta fice ba sallama. A waje maigadi yana kakkaɓe gindin buhu cikin baho.

* * *

Inna Habi na zaune a inuwar zaure tana tsince wake.

"Kin gano su? Sun shiga intanet ɗin?"

Zuhura ta kasa ɗaga ido. "Sun shiga, Inna."

"Alhamdulillahi. Nuna mini in gani."

Ta lalubo shafin porojen a wayarta, ta miƙa. Inna ta goge hannu a zane kafin ta karɓa, ta kawo wayar daf da ido. Fuskarta ta washe.

"Wanga kore na san shi! Ga inda ya zubar mishi da shayi, ya yini yana faɗa. Buɗe mini cikin, akwai hotonshi da raƙumi."

Zuhura ta ja yatsa. Bangon ya sake fitowa. Ta sake ja, ya sake fitowa.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa mata wayar a hankali, ta jawo faifan wakenta.

"Wayar taki ta gaji, ɗiyata. Sa mata wuta, gobe mu gani."