Gudun da Baba Dabo Bai Ƙarasa Ba

Ranar Talata ce cikin damina. Hadari ya haɗu tun asuba ya ƙi sauke ruwa, sai zufa. Mun fi mutum ɗari biyu muna gudu a kan titin da ya fita daga Gummi, kowa da lamba a ƙirji. Askarawan sa-kai ake ɗauka, masu taya sojoji tsaron ƙauyuka idan an kira su, kuma an ce mutum arba'in da suka riga dawowa fili su za a rubuta.

Kusa da ni maƙwabcinmu Baba Dabo ne ke ta haki. Shekara talatin yana aikin agaji. In mota ta kife shi ake kira, in gulbi ya cika ya shiga gidaje shi ke tsamo mutane. Kullum maganarsa ita ce samari na mutuwa a daji don babu mai tsai da musu jini, shi ya sa ya ƙwallafa rai sai ya shiga. Ya haura hamsin da biyar, amma a takarda ya ce arba'in da biyar, ya kuma shafe gemunsa da baƙin rini.

Na ce, "Baba, gemunka na zuba."

Zufa ta wanke rinin, yana ɗiga a kan singiletinsa.

Ya ce, "Kula da ƙahwahunka, Shafi'u. Kai da makaranta ta gagara, gudu za ka iya?"

Na yi dariya na wuce shi. Ni dai tun da na bar makaranta a aji biyu na taɓa kanikanci, na taɓa sai da kifi, ban zauna ko'ina ba. Ranar kuwa ban karya ba, gwangwani biyu na lemon ƙarin kuzari na kwankwaɗa, don wani abokina ya ce haka ake yi. Muna juyowa daga gada na ga titi ya karkace.

Da na farfaɗo, muryar Baba Dabo na fara ji, yana faɗa da 'yan kallo.

"Kada wanda ya ɗura mai ruwa! Mutum ya suma ku ɗura mai ruwa, so kuke ku shaƙe shi? Ku ja baya shi sha iska!"

Ya kwantar da ni ta gefe, ya kwance mini mazagi, yatsunsa biyu a wuyana.

Na ce, "Baba, tahi, za su wuce ka."

"Sun wuce tun ɗazu. Yi shiru in ƙirga bugun ga."

Mu ne na ƙarshe da muka shiga fili, a ƙasa, yana riƙe da kafaɗata. An riga an rufe rubutu. Baba Dabo ya cire lambarsa yana ninkewa, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Sai ga sajen da ke bin masu gudu a kan babur ya tsaya gabanmu.

"Tsoho, shekarunka nawa?"

"Arba'in da biyar, ranka shi daɗe."

Saje ya dubi gemun, rabi fari rabi baƙi. "Ta wane ɓangaren?"

Fili ya ɗauki dariya, har shi Baba Dabon.

"Na gan ka cikin na gaba-gaba. Me ya tsai da kai?"

"To, tsallake shi zan yi? Katangarmu ɗaya da Innarsa. Ko ban san shi ba ma, ƙahwata ba ta wucewa."

Saje ya yi masa tambayoyi kan yadda ake tsai da jini da yadda ake ɗaukar mai karaya. Baba Dabo ya amsa, har ya gyara masa wani ɗauri. Nan take Saje ya karɓi takardar sunayen ya ƙara suna ɗaya a ƙasa, a matsayin mai agajin rauni. Ya nuna ni ya ce, "Wannan fa?"

Baba Dabo ya ce, "Wanga a bar ma Innarsa."

Kwana biyar unguwa ba ta huta ba. Da safe Baba Dabo yana zaure yana koyon sarawa irin ta soja, da hantsi yana goge akwatin agajinsa. Matarsa Inna Hamsatu kan leƙo ta ce, "Soja da maganin hawan jini cikin aljihu! In ɓarayi sunka taho, ce musu su jira ka haɗiye ƙwaya?"

"Hamsatu, a gyara harshe. Yanzu da hukuma kike magana."

Ranar Lahadi bayan azahar muna ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro. Baba Dabo ya sayo farin yadi ya tsaga, ina riƙe masa baki yana naɗe bandeji. Yana ta ba ni labarin yadda zai hana samarin can shan ruwan kududdufi. Can ya tsaya, ya shafa ƙirji.

"Tuwon Hamsatu ya yi nauyi yau. Shiga ka ce ta ba ni kanwa."

Na shiga, ta tsaya neman kofi tana mita. Da muka fito ya jingina da itacen, kai a karkace, kamar mai gyangyaɗi. Na kwantar da shi ta gefe, na sa yatsu biyu a wuyansa, na daɗe ina jira. Malamin asibitin da aka kira ya zo ya duba, ya ja hularsa ya rufe masa fuska. Bayan la'asar aka kai shi. Maƙabarta ta cika, har da mutanen Bukkuyum da ya taɓa zarowa daga mota.

Litinin da safe babbar mota ta zo ɗaukar askarawa. Inna Hamsatu ta ce in kai musu akwatin, ba ta son ya zauna a ɗaki. Saje ya tsaya a bakin mota ya kira sunaye arba'in da ɗaya. Arba'in suka hau. Na miƙa akwatin aka ajiye a kusurwa, da bandeji goma sha ɗaya a naɗe, na sha biyun saura rabi.