Jar Shinkafar Mbah Drono

Ƙauyenmu Sendangwaru ba shi da wani tarihi da ya wuce na shinkafa. Kakan kakanmu Mbah Drono ne ya hau tsaunin nan da adda a hannu da guntun gora cike da jar shinkafa, ya sare daji kusa da idon ruwa, ya shuka. Duk wanda ka gani a nan, ko jikansa ne, ko jikan wanda ya zo cin abincinsa ya ƙi tafiya.

Yanzu kowa farar shinkafa yake nomawa, mai saurin nuna. Jar kuwa gona ɗaya ta rage mata, ta bakin idon ruwa, kuma duk ƙauye ke taruwa a noma ta, a cinye ta tare ranar bikin girbi. Iri kawai ake ragewa, a rataye dammunansa saman murhun goggonmu Mbah Ngatinem. Doka ɗaya ce: ba a shuka ta sai namiji daga tsatson Mbah Drono ya jefa hannun farko.

Babanmu ne mai jefawa. Da ya rasu, abin ya faɗo kan ƙanena Sarjiyo, shi kuwa yana can tsibirin Kalimantan yana saran kwakwar manja a gonar kamfani.

Ruwan farko ya sauka, na kira shi a waya.

"Yu Tukiyem, ba za su bar ni ba," in ji shi. Yu yake ce mini, wato yaya. "In na tafi, wani za su ɗauka. A jira ni baɗi."

"Ita shinkafar ka gaya mata ta jira?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na tafi wajen Mbah Ngatinem, na same ta tana gyara wuta. Na ce, "Mbah, ni ma fa jinin Mbah Drono ce. Ga hannuna, yatsu biyar ne kamar na Sarjiyo. Ko nasa shida ne ban sani ba?"

"Bakinki dai ya fi nasa tsawo," ta ce. "Yarinya, ban taɓa ganin mace ta jefa ba. Uwata ma ba ta gani ba. In kika jefa aka yi fari, wa za a zaga? Ke da ni."

Aka yi taro a gidan mai unguwa. Wani ya ce a ɗora waya a bakin gona, Sarjiyo ya yi bisimilla daga can, aka kwashe da dariya. Ni na ce iri ba dutse ba ne, yana mutuwa. Duk manoma ne, sun san haka sarai, amma kowa ya sunkuyar da kai yana kurɓar shayi. Mai unguwa ya ce wannan irin dabam yake, ya ga yunwa ya ga yaƙi bai mutu ba, shekara ɗaya ba za ta kashe shi ba.

Shekarar ta wuce, wata ta bi ta. Gonar bakin ruwa ta zama wurin kiwon awaki. Ranar bikin girbi aka dafa farar shinkafa, aka ci kamar ana cin abincin asibiti. Kullum na shiga ɗakin girkin Mbah sai na ɗaga kai na dubi dammunan, hayaƙi yana ta baƙanta su. Ina jin haushin Sarjiyo, ina jin haushin dattawa, amma tsoro ya fi yawa a raina.

A damina ta uku ya dawo, ya rame, da tari a ƙirji. Ranar shuka kowa ya fito. Aka sa masa rigar babanmu, ta yi masa yawa. Maza suna gaba suna huda ƙasa da sanda, ya yi addu'a ya jefa hannun farko, mata muka bi muna zubawa muna rufewa da ƙafa. Mbah tana zaune a kan dutse tana murmushi da bakinta marar haƙori.

Ruwa ya yi kyau a shekarar, ba wanda zai ɗora masa laifi. Gonakin farar shinkafa duk suka yi kore. Tamu kuwa ciyawa kawai. Sarjiyo yakan je da safe ya tsuguna yana leƙen ramuka. Rannan na bi shi, na tona ɗaya da yatsa. Ƙwayoyin sun ruɓe, sun zama kamar dusa.

Saura dami ɗaya da Mbah ta rage. Ta ɗebi kaɗan ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye kusa da tabarmarta tana yayyafa masa ruwa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta buɗe baki ba. Aka aika ƙauyukan maƙwabta ko wani yana da irinta. Babu. Ba a taɓa ba kowa ba, ai tamu ce.

"Yu," Sarjiyo ya ce da ni a bakin rijiya, "me ya hana ki shuka a ɓoye? Wa zai sani?"

Na dube shi har ya kawar da kai. Da na buɗe baki a lokacin, da ba mu sake gaisawa ba.

Mbah ta sa aka sauke damin, muka surfa a turmi, muka dafa. Tukunya ɗaya ce ƙarama. Aka zuba a kan ganyen ayaba a tsakar gida, duk ƙauye ya kewaye ta. Warin hayaƙi take yi, wata jikata har ta toshe hanci aka harare ta.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "To, Sarjiyo, bisimilla."

"A'a," in ji Mbah Ngatinem. Ta lalubo wuyan hannuna, ta ja shi zuwa kan ganyen. Hawaye na bin fuskarta.

"Tukiyem, sa hannu. Ke za ki fara."

Na ɗiba. Tana da zafi, amma haka na kai ta baki.