Jinin Masu Fentin Mota

Garejin fentin motoci na kawunta ne, shi ya sa ranar da ta zo da akwatin allurai da ƙananan kwalabe ba wanda ya tare ta. Ma'aikatan suna ce mata Likita, ko da yake ta gaji da gaya musu ita a ɗakin gwaje-gwaje take, jini take aunawa. Ta yi musu bayani a tsaye, tsakanin motocin da aka lulluɓe da takarda: tururin fenti in ya daɗe yana shiga jiki, yana cin ƙwayoyin jikin kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma ɓarnar tana barin alama a jini tun kafin mutum ya fara tari. Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, shi ya fara naɗe hannun riga.

Kawu ya dawo daga sayen kaya ya tarar da layi. Ya ce ta tattara ta fita, nan ba asibiti ba ne. Ya kuma kai ƙara wurin uwarta, uwar kuwa ta roƙe ta kada ta tozarta mata ɗan'uwa.

"Mama, shi ma tururin yake shaƙa," ta ce. "Ba zan bari ba."

Washegari sai ga kawu a ɗakin gwajin, fuska a murtuke. Ya miƙa hannu, wai a ɗibi nasa a gani, tun tana goyo yake wannan aiki ko ciwon kai bai sani ba. Ta ɗiba, ta tace, ta zuba sinadari, ta jera kwalaben a ruwan zafi yana kallo. Na abokan aikinta da ba sa shiga gareji, da ta sa don kwatance, suka ɗan yi ja-ja kaɗan. Na masu fenti suka rine. Nasa ya fi na Dogo rinewa.

Ta ce masa wannan ba ciwo ba ne tukuna, gargaɗi ne. Ba rufe garejin take so ya yi ba. A fasa bangon baya a sa babbar fanka, a sayo abin rufe hanci na gaske, ba tsumman da suke ɗaurawa ba. Ya ce ƙaramar yarinya ba za ta fasa masa bango da ruwan kala ba.

Da ta koma garejin, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba ki shiga."

"To, Kawu. Titi dai ba naka ba ne."

Ta aro teburi a shagon mai walda, ta kafa a gefen hanya. Masu fentin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, har na garejin da ke maƙwabtaka. Dogo kuma ya ajiye bindigar fesa fenti, ya ce ba zai sake ɗauka ba sai iska ta samu hanya.

Kafin watan ya ƙare magini ya zo da guduma ya fasa bangon baya. Kawu kuwa, har yau in ta gaishe shi da ka yake amsawa. Bayan wata uku ta sake kafa teburinta, a titi, don bai ce ta shigo ba.