Koren Kati

A makarantar nan mai tutocin ƙasashe ashirin a bakin ƙofa, akwai wani ɗaki mai kujerun laushi da ake kira Ɗakin Walwala. Mai ɗakin kuwa, Madam Murmushi malamai ke ce mata a bayan ido, don ko rasuwa za ta sanar da kai sai ta fara washe haƙora.

Ita ta ƙirƙiro tsarin kati. Kowace safiya yaro ya jefa ɗaya a kwando, kore in lafiya lau, ja in da damuwa. Wai shi ne ilimin zamani.

Malamar tallafi, wadda aikinta zama da yaran da karatu ke ba wuya, ta tsani kwandon nan kamar ciwon haƙori. Tana da ɗaliba 'yar aji biyar da ake kira Shiru, wadda haruffa ke rikice mata a takarda. Karanta mata tambaya, kafin ka rufe baki ta amsa. Bar ta da takardar, sai ta share minti biyar a layi ɗaya. Ƙarin minti talatin kawai take buƙata a jarrabawar ƙarshen shekara, wadda in ta faɗi sai dai ta nemi wata makaranta.

Malamar ta kai takardar roƙo. Madam ta juyo mata da kwamfuta, katin Shiru kore ne tun farkon zango har yau. Ta ce ƙa'ida sai yaro ya jefa ja sau uku kafin a buɗe masa fayil. Malamar ta danne zuciya ta yi bayani: duk wanda ya jefa ja, tsakiyar darasi ake zuwa a kira sunansa gaban kowa, a tafi da shi ya yi ta shaƙar iska yana zana fure. Yarinyar da da ƙyar take kamo 'yan ajinta, ina za ta yarda?

"Mu nan muryar yaro muke saurara," in ji Madam, haƙora a waje. "Ba ma cusa masa magana."

Haushi kamar ya kashe malamar. Ta koma ta lallaɓi Shiru ta jefa ja ko na kwana uku ne. Yarinyar ta ce mamanta ta hana ta ƙarya, kuma ita ba ta da damuwa, a hankali take kawai.

Ranar jarrabawa, cikin tambaya ashirin ta amsa bakwai aka karɓe takarda. Bakwai ɗin duka daidai.

Ranar da mahaifinta ya zo ɗaukar kayanta, da wasiƙar makaranta a hannunsa ya tarar da malamar a bakin ƙofa, ya gaishe ta har da rusunawa. Shiru na riƙe da hannunsa.

"Mun gode, Malama, kin yi iyakar ƙoƙarinki," ya ce. "Sun rubuta cewa ba ta da wata matsala ko kaɗan. Kan ne dai Allah bai ba ta ba."